Isa ne ko Yesu: tambayar Ummi da ta hana 'yan ajinmu barci

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan aji, barkanmu da dare. Monita a yi mini afuwa, na san dokar gurup ɗin nan ba siyasa ba addini, amma abin nan ya tsaya mini a rai tun la'asar. Ummi ce ta dawo daga gidan maƙwabtanmu, mutanen Bogoro ne, shekara 11 muna katanga ɗaya da su a Fadaman Mada, ta ce wai ƙawarta ta ce mata an kashe Yesu ran Juma'a ya tashi ran Lahadi shi ya sa za su yi Ista, ita kuma ta ce mata a'a malaminsu na Islamiyya ya ce Annabi Isa bai mutu ba yana sama. Suka yi ta musu har ƙawar ta yi kuka, daga ƙarshe suka yanke hukunci da kansu wai ai mutum biyu ne, Isa namu daban Yesu nasu daban, suka koma kan 'yar carafkensu. Shi ne ta zo tana tambayata Baba haka ne? Wallahi na buɗe baki na rasa ta inda zan kama. Muna da masana a ajin nan ta kowane ɓangare, a taimaka min.

Monita: Wa alaikumus salam. Doka tana nan, amma tunda tambayar yarinya ce na ɗaga ƙafa na daren yau kaɗai. Ba zagi, ba turo bidiyon wa'azin wani, kowa ya yi magana da bakinsa. Wanda ya wuce gona da iri zan cire shi, kun dai tuna yadda nake rubuta sunan masu surutu a aji.

Dan Wunti: hhhh monita har yanzu baki canza ba. Baban Ummi amsar ai mai sauki ce, mutum daya ne, Annabi Isa dan Maryam alaihissalam manzon Allah zuwa ga Bani Isra'ila, ba a kasheshi ba ba a gicciyeshi ba Allah ya daukeshi sama, shikenan magana ta kare. wlh mu musulmi mun fi kiristoci ma girmamashi, sunansa yazo sau 25 a Alkur'ani sunan Annabinmu Muhammadu SAW sau 4 kacal, sannan mahaifiyarsa ita kadai ce macen da aka fadi sunanta a Alkur'ani kaf har sura guda aka bata

Maman Biyu: Ɗan Wunti sannu da gaggawa, kai dama tun a makaranta kai ke ɗaga hannu kafin malam ya gama tambaya. Kun fi mu girmama shi ta yaya, mu da muke masa sujada? Amma na yarda da kai a abu ɗaya, mutum ɗaya ake nufi. Ɗan Maryamu budurwa, wanda mala'ika Jibra'ilu ya kawo albishir ɗin haihuwarsa, yana nan a Luka sura 1. Ni sai da na fara aikin jinya na san Musulmi sun yarda da haihuwar budurci, wata tsohuwa da nake wa allura ce ta karanto mini da ka tana fassarawa, har wurin da naƙuda ta kama ta a gindin dabino aka ce ta girgiza ya zubo mata. Mu a namu Baitalami ne da komin dabbobi, babu dabino. Na tsaya riƙe da sirinji ina saurare har abokiyar aikina ta zo nemana.

Alaramma Bakin Kura: Bismillah. Baban Ummi, ka ce mata mutum ɗaya ne, wannan ba wanda zai yi maka gardama a ajin nan. Abin da muka haɗu a kai ma ya fi yadda mutane ke zato yawa. An haife shi ba uba, sunansa Almasihu, ya warkar da makaho da kuturu, ya ta da matattu, yana da almajirai su ne Hawariyawa, an ɗauke shi sama, kuma zai dawo. Duk wannan wanda ya musa ɗaya daga ciki a cikin Musulmi sai an zaunar da shi. Alƙur'ani ma ya ƙara abin da su ba su da shi a Linjilolinsu huɗu, cewa ya yi magana yana cikin zanin goyo, da kuma siffar tsuntsu da ya yi da laka ya hura ta tashi. Amma ka lura da abin da ya fara faɗa a zanin goyon nan a Suratu Maryam aya ta 30, ni bawan Allah ne, ya ba ni littafi ya sanya ni annabi. Kuma a Ma'ida aya ta 110, tsuntsun da warkarwar da ta da matattun duk sai an biyo su da cewa da izinina. To a nan hanya ta rabu.

Ticha Bayara: Allah gafarta Malam, na ji daɗin yadda ka shimfiɗa ta. Bari in ƙara da cewa labarin tsuntsun laka yana cikin wani tsohon littafi da ake kira Linjilar Yarinta ta Toma, ikilisiya ba ta sa shi cikin Littafi Mai Tsarki ba amma Kiristocin da sun san labarin. To zancen inda hanya ta rabu, abin da ya fi ci mini rai shekara da shekaru ina koyar da yara shi ne kalmar Ɗan Allah. Duk Musulmin da ya ji ta sai ya ɗauka muna cewa Allah ya yi aure ya haihu. Wallahi babu cocin da ke koyar da haka, ko ECWA ko COCIN ko Katolika, mu ma saɓo ne a wurinmu. Bahaushe yakan ce ɗan Bauchi, ɗan kasuwa, ɗan hanya, wa ya taɓa tambayar matar hanya?

Dan Wunti: dan Allah ticha kar ka kawo mana wayon yan boko

Ɗan Ningi: Hhhh kun ga Ɗan Wunti ya furta da bakinsa, ya rubuta dan Allah. Maman Biyu a shirya masa baftisma ran Lahadi.

Dan Wunti: kai dan Ningi Allah ya shiryeka, DON Allah nake nufi, wayata ce bata da d mai lankwasa

Alaramma Bakin Kura: Ticha misalinka ya yi daɗi amma bai kai ka inda kake so ba, kuma ka sani. In da ɗan hanya kake nufi da ba mu da rigima, domin a littafinku ma an kira Adamu ɗan Allah a ƙarshen Luka sura 3, an kira Isra'ila ɗan fari. Amma ku ba haka kuke faɗa kan Isa ba. Aƙidar da kuke karantawa a coci cewa ta yi haifaffe ne ba halittacce ba, zatinsa ɗaya da na Uba. Wannan ba salon magana ba ne, da'awa ce. Ita kuma Ƙulhuwallahu ta rufe ƙofar gaba ɗaya, bai haifa ba ba a haife shi ba, ba ta ce ta hanyar aure kaɗai ba. Sannan Ali Imrana aya ta 59 ta ce misalin Isa a wurin Allah kamar misalin Adamu ne, shi Adamu ma ba uwa ba uba amma ba wanda ya bauta masa.

Ticha Bayara: Gaskiyarka Malam, ba zan ɓoye a bayan ɗan hanya ba, na kawo shi ne don a cire ƙazantar da ake jingina mana kawai. Abin da muke faɗa shi ne tun fil'azal yana nan, Yahaya sura 1 ta ce tun farko akwai Kalma, Kalman nan yana tare da Allah, Kalman nan Allah ne, sai aya ta 14 ta ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. To yanzu ni ma in tambaye ka, Alƙur'ani halitta ne? Na san amsarka a'a, don na karanta cewa Imam Ahmad bin Hambal bulala ya sha a Bagadaza zamanin halifa Mu'utasim a kan ya ƙi cewa halitta ne. Ke nan kun yarda akwai maganar Allah da ba halitta ba ce, ba ta da farko, ba wani Allah na biyu ba ce, kuma ta sauko duniya ta shiga harshen mutane har yaro a tsangaya yana rubuta ta da tawada a allo. To mu abin da muke cewa ke nan, sai dai a wurinku ta sauko ta zama littafi, a wurinmu ta sauko ta zama mutum. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a riƙa gwada Yesu da Annabi Muhammadu, a tsarin imaninmu matsayin Yesu ya fi kama da matsayin Alƙur'ani a wurinku. Kuma Nisa'i aya ta 171 da kanta ta kira shi kalmarsa da ya jefa wa Maryam da ruhi daga gare shi.

Baban Ummi: Tabɗi. Ni da na zo neman abin da zan faɗa wa 'yar shekara 9.

Alaramma Bakin Kura: Ticha ka yi karatu, ban raina ba, kuma wannan hujjar ba yau aka fara kawo ta ba, Kiristocin Sham sun kawo wa Musulmin farko ita. Amma ka karanto ayar Nisa'in har ƙarshe mana, cikinta aka ce kar ku ce uku, ku hanu ya fi muku alheri, kuma cikinta aka kira shi manzon Allah kafin a ce kalma. Malamanmu na tafsiri cewa suka yi an kira shi kalma ne don da kalmar kun, wato kasance, ya samu ba da uba ba, shi ba shi ne kun ɗin ba, da ita aka yi shi. Ruhi daga gare shi kuwa jingina ce ta girmamawa kamar a ce ɗakin Allah. Sannan mu ba ma yi wa mus'hafi sujada ba ma roƙonsa, ba ya jin yunwa ba ya barci. Alƙur'ani ya ce shi da mahaifiyarsa sun kasance suna cin abinci, a Ma'ida aya ta 75, wanda ke cin abinci kuwa ka san sauran.

Dan Wunti: yauwa Alaramma. kuma a baibul dinsu ma yace Uba ya fini girma Yahaya 14:28, yace ba wanda yasan ranar alkiyama ko Dan sai Uban Markus 13:32, ya fadi rubda ciki yayi addu'a a lambu, wa yake roko in shine Allah? ni na kalli muhawarar Deedat da Jimmy Swaggart ta 1986 yafi sau goma tun zamanin kaset. asali ma sarki Kustantin ne ya tara su a Nikiya shekarar 325 aka kada kuri'a aka maidashi Allah

Ticha Bayara: Ɗan Wunti ayoyin da ka kawo duk suna nan ba mu goge su ba, mu cewa muke cikakken mutum ne kuma cikakken Allah, don haka yunwa da barci da addu'a ba su ba mu mamaki. Amma wanda ya ce Uba ya fi ni girma, a littafin nan dai ya ce ni da Uba ɗaya muke, ya ce kafin Ibrahim ya kasance ni ne, kuma Toma ya ce masa Ubangijina da Allahna bai tsawata masa ba. Zancen Nikiya kuwa an daɗe ana yawo da shi ba daidai ba. Wasiƙun Bulus da ke cikin Littafi Mai Tsarki an rubuta su wajen shekara ta 50 zuwa 60 da wani abu, kusan shekara 270 kafin taron, kuma sun riga sun kira shi Ubangiji. Wani gwamnan Rumawa mai suna Filini ya rubuta wa sarkinsa wajen shekara ta 112 cewa Kiristoci na taruwa da asuba suna yi wa Kristi waƙa kamar wani allah. Shi kansa Ariyus da aka yi taron a kansa bai ce annabi ne kawai ba, cewa ya yi shi ne farkon halitta kuma ta wurinsa aka halicci komai, da Ariyus zai zo Bauchi yau ba masallacin da zai karɓe shi. Bishop biyu ne kaɗai suka ƙi sa hannu a aƙidar da taron ya fitar.

Alaramma Bakin Kura: Wannan ka gyara masa daidai. Amma kai ma ka faɗi cewa tun farko akwai mabiyansa Yahudawa, Ebiyoniyawa, da suka riƙe Attaura suka ce mutum ne Allah ya zaɓa kuma ba su yarda da Bulus ba. Saɓanin ya girmi Nikiya ta ɓangare biyun.

Ticha Bayara: An yi su, ban musa ba.

Maman Biyu: Ni duk wannan na ku ne masu littattafai. Abin da ya sa yarinyar nan kuka ba Nikiya ba ne, an ce mata bai mutu ba ne. Ku ba ku san nauyin maganar nan a wurinmu ba. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa in Almasihu bai tashi ba wa'azinmu banza ne bangaskiyarku ma banza ce, ke nan in ka cire gicciye ba ka rage mana wani reshe ba, ka tumɓuke bishiyar ne. Ni na rufe idon mutane da yawa a wurin aiki, na rufe na mahaifina da hannuna a Bogoro, kuma abin da ya riƙe ni ranar shi ne wanda nake bauta wa ya san zafin mutuwa a jikinsa ba labari aka ba shi ba, an tofa masa yawu an yi masa bulala abokansa sun gudu sun bar shi. In kun ce duk wannan wani ne aka yi wa, to wa ya ɗauki zunubina?

Monita: Allah ya ji ƙan Baba, Maman Biyu. Na tuna shi yana kawo miki gyaɗa ranar ziyara muna wawashewa.

Alaramma Bakin Kura: Allah ya ƙara haƙuri 'yar uwa. Tambayarki ta ƙarshe ita ce gindin maganar, ta fi ta Ɗa da Uba ma zurfi a ganina. Mu a wurinmu ba wanda ke ɗaukar zunubin wani, wani rai ba ya ɗaukar kayan wani, an maimaita wannan a wurare da dama a Alƙur'ani. Annabi Adamu ya yi kuskure, ya karɓi wasu kalmomi daga Ubangijinsa ya tuba aka yafe masa, Baƙara aya ta 37, magana ta ƙare a nan ba ta gangaro kan jikoki ba. Jariri a wurinmu fes yake zuwa. To tunda ba bashin gado, ba a buƙatar wanda zai biya, abin da ɗan Adam ke buƙata shiriya ce da tuba, shi ya sa ake aiko annabawa ɗaya bayan ɗaya. Ku kuna ganin cutar ta shiga jini sai an yi fansa, mu muna ganin mantuwa ce da ɓata hanya sai an tunatar. Likita biyu in suka saɓa a kan cutar dole su saɓa a kan magani, ke kin fi ni sani. Game da gicciyen kuwa Nisa'i 157 ce, ba su kashe shi ba ba su gicciye shi ba sai dai an kamanta musu, aya ta gaba ta ce Allah ya ɗaukaka shi zuwa gare shi. Abin da ke kike gani ƙauna, Musulmi yana ganin ta yaya Allah zai bar manzonsa a hannun maƙiya su wulaƙanta shi haka, shi da ya tsirar da Ibrahim daga wuta ya tsirar da Musa daga Fir'auna.

Ticha Bayara: Amma Malam an kashe annabawa, Alƙur'ani da kansa ya zargi Bani Isra'ila da kashe annabawa ba da haƙƙi ba, Yahaya ma kansa aka sare. Kuma ko a wajen Baibul, Tasitus marubucin tarihin Rumawa wanda ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan ya rubuta cewa Bilatus ya kashe Kristi a zamanin sarki Tibariyas. Sannan ragon layya fa? Saffat ta ce mun fanshe shi da yanka mai girma. Duk shekara kuna yanka rago kuna tuna wani ya mutu a madadin wani, mu kuma muna kiran Yesu Ɗan Rago na Allah.

Alaramma Bakin Kura: Tasitus abin da mutane suka gani ya rubuta, ayar kuwa ba ta ce ba su ga komai ba, cewa ta yi an kamanta musu, don haka tarihi ba zai raba mu a nan ba. Ragon kuma ka juya shi ne Ticha, an kawo rago ne don kar a yanka ɗan, ku kuma kun ce an yanka ɗan.

Ɗan Ningi: Kai wannan ta shiga. Ticha sai ka sha ruwa.

Ticha Bayara: Na sha. Amsata ita ce wanda ya hana Ibrahim ba da nasa shi ya ba da nasa, amma na san ba za ta gamsar da Malam ba.

Baban Ummi: To wa aka gicciye ke nan Alaramma? Ni tun ina yaro Yahuza nake ji.

Alaramma Bakin Kura: Alƙur'ani bai faɗi suna ba. A tafsiri akwai masu cewa Yahuza maci amana, akwai ruwayar da Ibn Kasir ya kawo cewa wani saurayi ne cikin almajiransa ya miƙa kansa aka jefa masa kamanninsa. Ni inda aya ta tsaya nake tsayawa.

Dan Wunti: ai Linjilar Barnaba ta fadi komai dalla dalla Yahuza ne, ita suka boye

Alaramma Bakin Kura: Ɗan Wunti ka ajiye Barnaba ɗin nan don Allah, yana ja mana raini. Kwafin da ake da su na Italiyanci ne da Sifaniyanci, ba su wuce shekara ɗari huɗu da wani abu ba, kuma a ciki an sa Isa yana cewa ba shi ne Almasihu ba, alhali Alƙur'ani Almasihu yake kiransa. Littafin da ya saɓa wa Alƙur'ani ba zai zama hujjata ba don kawai ya saɓa wa Ticha.

Ticha Bayara: Na gode Malam. In tsohuwar magana ake nema akwai wadda ta fi Barnaba tsufa nesa, wani Basilidis a Iskandariya a ƙarni na 2 an ruwaito ya koyar da cewa Saminu Bakurane da aka tilasta wa ɗaukar gicciyen shi aka gicciye. Ikilisiya ta ƙi koyarwarsa tun lokacin.

Ɗan Ningi: Ku duk kun tafi Rum da Bagadaza kun bar na gida. Kun san Isawa? A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, yana karatun Alƙur'ani, sai ayoyin Annabi Isa suka kama shi, kalma, ruhi, ta da matattu, dawowarsa, har ya fifita shi ya tara almajirai a kan haka. Aka kashe shi a kasuwar Kano, mabiyansa suka watse, wasu suka gangaro ƙasarmu ta Ningi don a lokacin duwatsun nan mafaka ne ga duk wanda ya saɓa da sarakuna. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka je wurin Dokta Miller, Bature ɗan mishan, a Zariya, aka zaunar da su a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, daga baya aka koma Wusasa. Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci jami'ar Ahmadu Bello daga zuriyar nan ya fito. Wasu kuma ba su zama Kirista ba, ba su kuma koma yadda sauran Musulmi suke ba, suka tsaya a tsakiya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne tambayar Ummi ta taɓa cin ran mutum a ƙasar Hausa tun kafin a gina coci ko ɗaya a nan.

Maman Biyu: Ikon Allah, ban taɓa ji ba. Miller ɗin nan shi ne na fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa ko?

Ticha Bayara: Yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin, cikakken ya fito a 1932. Kuma ku duba, da kalmominku muke sujada, Allah, Ubangiji, Almasihu, annabi, mala'ika, zunubi, alkiyama. Bature yana da God yana da Allah sai ya ɗauka abu biyu ne, mu nan ba mu da wannan mafakar, kalma ɗaya muke furtawa kowa da abin da ke ransa. Sunan ne kawai muka raba, ku Isa mu Yesu, shi ya sa yaran nan suka ɗauka mutum biyu ne.

Alaramma Bakin Kura: Kuma dukanmu jiransa muke. A Sahihu Muslim zai sauko a farar hasumiya gabashin Dimashƙa ya kashe Dujal a ƙofar Ludd. Babban masallacin Banu Umayya na Dimashƙa har yau akwai hasumiyar da ake kira da sunansa, a cikin masallacin kuma akwai wurin da ake cewa kan Annabi Yahaya yake, Fafaroma John Paul na biyu ya shiga a 2001. Sai dai kar in yi muku daɗin baki, hadisin ya ce in ya sauko zai karya gicciye.

Maman Biyu: Mu kuma an ce zai zo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, kuma da tabon ƙusa a hannunsa ya nuna wa Toma. Sai mu jira mu ga hannun.

Dan Wunti: tasha daya muke jiran mota daya amma kowa da garin da aka ce masa zata

Monita: Yau Ɗan Wunti ya yi magana mai ma'ana, a rubuta kwanan wata. Sha biyu ta wuce, Baban Ummi ka samu abin faɗa ko a rufe?

Baban Ummi: Na samu har ya yi mini yawa. Ta yi barci tun ɗazu, da safe zan ce mata mutum ɗaya ne, mu mun yi imani annabi ne Allah ya tsirar da shi, su sun yi imani ya mutu dominsu ya tashi, kuma kar ta sake ce wa ƙawarta ƙarya ne, ta ce mu ba haka aka koya mana ba. Alaramma hakan ya yi?

Alaramma Bakin Kura: Ya yi. Ka ƙara mata da labarin Ja'afar da ya karanta Suratu Maryam a gaban Najjashi sarkin Habasha har sarkin ya yi kuka ya ƙi miƙa Musulmin ga Ƙuraishawa, yara na son wannan.

Baban Ummi: To madalla. Amma na san Ummi, tambaya ta gaba ita ce to Baba tsakanina da ita wa zai shiga Aljanna. Sannan ran Lahadi za su aiko da shinkafa da kaza kamar kowace shekara, uwargida ta ce in tambaya tunda ana kan maganar, wai an ce mata...

Monita: A'a a'a. Na ce daren yau kaɗai kuma tambaya ɗaya. Na rufe gurup sai bakwai na safe, kuma mutum 14 ba su biya kuɗin taron Disamba ba, sunayenku na hannuna.

Dan Wunti: kafin ki rufe, Baban Ummi in kun yanke baza ku ci ba ina shago har la'asar, layin masu gyaran waya